Takardar Lauratu Tana Cikin Jakata

Guangzhou, 23 ga Yuli, 2008

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara lafiya. Ni ƙalau nake, sai dai zafin garin nan da ke jiƙa mutum ko a zaune yake. Aikin yana nan, ina zuwa masana'antun garin Xintang ina duba wanduna ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaure dila.

Baba, safiyar Litinin mai gidan da muke haya ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce saboda wasannin Olamfik kowane baƙo ya fito da takardunsa a duba. Na zazzage jakata a kan katifa. Da na ɗauki takardata ta shaidar asalin ƙaramar hukuma sai na ji ta yi kauri. Na sa farce na ɓamɓare, ashe biyu ne, robar da aka manna musu ce ta kama juna. A ta ƙasan, ga hoton ƙanwata Lauratu da farin hijabinta tana kallona.

Ita ce takardar da kuka yi wata biyu kuna nema, wadda hukumar tallafin karatu ta ce sai an kawo ta ainihi ranar tantancewa. Tun ranar da na ciro tawa daga ledar Inna don neman fasfo na haɗo da ita. Sau biyu kuna tambayata a waya, na ce ba ta wurina, har na ƙara da cewa Lauratu dama ba ta iya ajiya ba. Ko jakar ban buɗe ba. Kullum ina ƙorafin masu shaguna a kasuwar Baima, ka tambayi kaya su ce maka meyo, wato babu, ba su ko tashi daga kujera ba. Abin da na yi muku ke nan.

Inna ta gaya mini kun ce wadda ta kasa riƙe takarda ɗaya ba za ta iya riƙe karatun jami'a ba, kuma tun ranar yarinyar ta daina zancen makaranta. Wannan maganar ni ta dace da ita. Ni a aji shida na tsaya, ita ce ta ci jami'a, kuma kun san in ba tallafin nan ba gidanmu ba zai iya ɗaukar nauyinta ba.

Ban yarda na sa ta a kago, cikin kayan da ake aikawa ta jirgi, ba. Alhaji Barmo na Kantin Kwari zai taso gobe, shi zai danƙa muku ita tare da wasiƙar nan. Inna ta ce ƙarshen wata za a rufe tantancewa, to in Allah Ya so za ta riska. Roƙona, Baba, ku kai Lauratu da kanku, kuma a karanta wannan a gabanta. Ku yafe mini. Ita kuwa ban san da bakin da zan roƙe ta ba tukuna.

A gaida Inna, da Gwaggo Madina, da Zulaiha, da su Abdulrasheed.

Kada wani ya ce na ɗauki laifin ne don na rufa wa ƙanwata asiri. A gaban Isufu mutumin Maraɗi na raba takardun, kuma Ma'azu ɗan Malam Sharif, da kuka sani tun yana yaro, shi ya karanta sunanta da ƙarfi lokacin da ni na kasa.

Ɗanku,
Saifullahi