Hannun Harouna a Kafaɗar Baba

Xiaobei, Guangzhou
14 ga Yuli, 2008

Yaya Kallamu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna. Yaya ƙafar Baba? Yaya damina? Mu nan sai zafi da 'yan sanda. Saboda wasannin Olamfik kullum ana duba fasfo, bizata kuma saura kwana goma sha biyu. Na kasa zama wuri ɗaya.

Hoton ya iso, da saƙon ƙungiyarku ta 'yan asalin gari: in buga kalanda dubu biyar, Baba riƙe da garma, a ƙasa a rubuta "Jininmu, Ƙasarmu". Ka ce a yanke Harouna daga gefe tunda baƙo ne daga Nijar. Baƙon da ya shekara talatin yana ara wa Baba shanun huɗa.

Laoban, wato mai gidan ɗab'in, gwani ne. Cikin minti goma ya cika wa Baba kumatu a hoton, ya goge facin rigarsa. Ban taɓa ganin Baba ya ƙoshi haka ba.

Kun sha yi wa digirina na tarihi dariya, wai ya ƙare a awon kwalayen kayan 'yan kasuwa. To ga ranarsa. Kundina a kan ƙananan manoman Jamus na yi shi, zamanin Nazi. Su ma an manna su a bango, wai su ne tsarkin jinin ƙasa. Sai mutum ya kawo shaidar kakanninsa kafin a kira shi manomi. Aka hana shi sayar da gonar ko jinginar da ita, aka yanka masa farashin madara, 'ya'yansa suka gudu masana'antu. Waɗanda aka yanke daga gefen hoto kuwa, ka san inda aka kai su.

Shugabanninku sun kawo wa Baba taki, ko kyamara kawai?

Ƙanwarka,
Radiyya

23 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Inna ta gaya mini a waya cewa fadamar Harouna shugabanku yake so, kai kuma an yi maka alkawarin kujerar sakatare. Ban ga laifinka sosai ba. Na san yadda rumbunmu yake a watan nan.

Sau uku ina zuwa wurin laoban ina komowa. Ya nuna mini matsalar: hannun Harouna yana kan kafaɗar Baba, in an yanke shi yatsu huɗu za su rage. Ya ce zai goge su kyauta. Na ce a mayar da hoton yadda aka ɗauke shi, har da facin. A ƙasa na sa sunayensu su biyu.

Na san ba za ku sake ba ni aiki ba. Kayan sun tashi jiya, ni jibi. Harouna yana ciki sau dubu biyar. Mai son cire shi ya nemi almakashi, amma sai ya yanki Baba.

A gaida Inna.

Taka har kullum,
Radiyya