Gonar da na gani a waya

Daren Laraba, bayan isha'i.

Ni mai wayo, yau na karɓi hayar gona a Watari ban taka ta ba. Bidiyonta kawai dillali ya nuna mini a waya, koriya shar, na ce na ɗauka.

Na dawo na tarar da ɗana Nura a zaure, yana gyara wa 'yan fim launi a 'yar kwamfutarsa ta gwanjo. A gabana ya ja yatsa, busasshen fili ya koma tsakiyar damina.

Na ce, "Kai, dillalin nan ya taɓa kawo maka aiki?"

Ya ce, "Baba, ba a tona asirin kwastoma." Har da murmushi, ɗan nema.

Ko ƙaya gonar ta haifa, buhun shinkafa uku na wuyana ranar girbi.