Muryar Malam

Hillat Salihu, Wad Haddad
Oktoba, 1968

Zuwa ga ƙanwata Hadizatu, a Suki.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki, da ta maigidanki, da ta yara baki ɗaya. Yaya ƙafar Aishatu, ta fara takawa? Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Dawa ta yi kai, ruwa ya cika tur'a, wato magudanar ban-ruwa, sauro ya dawo.

Da Hausa na rubuto don kada 'ya'yanki su karanta. Na san ba su iya ba.

Kin tambayi yadda nake tun da na fita takaba. Ina ci, ina barci, in an kira ni karɓar haihuwa ina zuwa. Kuka ne har yau bai zo ba, mata ma sun gaji da leƙen fuskata. Kin san yadda ƙafa kan yi in an daɗe zaune a kanta, ki mintsine ta ki ji kamar ta wani ce. Haka jikina duka yake tun ranar da aka ɗauko maigidana Malam daga hawasharmu, wato gonarmu, daga tsakiyar audugarsa. Ɗanmu Sa'idu kaɗai ke tare da shi a gonar. Na tambaye shi ko ya bar wata magana, ya ce kalmar shahada kawai. Na ce to, madalla.

A kan Sa'idun nake rubuto miki. Samarin hillarmu, wato ƙauyen nan, sun kafa nadi, irin ƙungiyar matasa, a makaranta, wani Ustaz Abdulmuttalib ne shugabansu, suna shirya masrahiyya, irin wasan kwaikwayon da muke ji a rediyon Omdurman. Ban ƙi ba, ni ma na karanta irinsu a littafi tun ina koyon aikin ungozoma a Madani. Amma ranar Talata, ina dawowa daga gidan wata mai naƙuda, na bi ta bayan katangar makarantar, sai na ji tarin Malam. Wannan tarin nasa guda biyu kafin ya yi magana. Sannan na ji muryarsa tana ce wa mufattish, babban jami'in gonaki, "inti", wato "ke", yadda ya shekara talatin yana kiran ƙattin Larabawa kamar mata. Aka fashe da dariya. Na tsaya a wurin har akuya ta fara cin igiyar jakata. Da na leƙa, ɗana ne, autana, ya ranƙwafa, ya ɗora hannu a ƙugu.

Sunan wasan Hajji Bukra, wato Alhajin Gobe. Labarin wani tsoho ne da ya baro Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya tsintar auduga ta kaka ɗaya, ya mutu yana cewa baɗi za a tafi. Ki gaya mini, Hadizatu, wa ke nan? An ma yi masa mata mai tsiwa, mai yawo da jaka da jarida. Alhasan ɗan mahauci ne ke yin ta, ya naɗa tob ɗin uwarsa, mayafin nan na matan Sudan, gashin bakinsa yana leƙowa. Ni ce wannan.

Ustaz ya zo har gida ya yi mini bayani da Larabcin littafi, wai ba ba'a ba ce, sukar masu mulkin gonakin da ke cinye ƙuruciyar mutane ce. Na ce masa in dai mutane ne, shin nasa uban ba shi da tari ne? Bai shanye shayinsa ba.

Sa'idu kuwa ƙasa yake kallo. A gaban Ustaz da maƙwabta na rantse da Allah cewa in ya hau dandamalin nan da muryar ubansa, ba zai sake taka gidan nan ba. Ban ɗaga murya ba. Bakina ne ya faɗa, ni ina gefe ina saurare.

Ki gaishe da kowa. Ki aiko mini da kuka in kin samu mai tahowa, tamu ta ƙare.

Yayarki,
Rabi'atu

Hillat Salihu
Nuwamba, 1968

Ƙanwata Hadizatu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Kuka ta iso, Allah ya saka. Wasiƙarki ma ta iso, na karanta wa'azin da ke ciki, na gode. Ki ajiye sauran.

An yi wasan ranar Alhamis bayan la'asar, a filin makaranta. Na je. Kada ki tambaye ni dalili. Na ɗauki tabarmata na zauna cikin mata, suka buɗe mini wuri fiye da wanda nake bukata. Mutanen Wad Haddad sun zo cike da lori, har mufattish na gaske an sa masa kujera a gaba. An haɗa teburan ɗalibai an yi dandamali, zannuwan gado ne labule.

Sa'idu ya fito cikin shuɗiyar rigar Malam, wadda ta faɗo a rabonsa na gado. Tasa ce, ba ni da ta cewa. Amma ni na ɗinke aljihun nan da baƙin zare, daga inda nake ina hango shi.

Hadizatu, ya iya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya yi shirme da na tashi na kaɗe tabarmata. Yadda Malam kan cire takalmi a bakin ruwa ya jera su suna duban gabas, yadda yakan lissafa garuruwan da suka rage a yatsa, Kassala, Sawakin, Jidda, duk ya kawo su. Ban san yaron nan yana kallon ubansa haka ba. Larabawa suna dariya, namu ma suna yi, sun fi su ƙarfi. Tsoho Attahiru, wanda suka taho tare da Malam tun daga gida, shi ma bai wuce Sannar ba har yau, ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Da Alhasan ya fito yana kaɗa jarida yana masifa, mata suka juyo gaba ɗaya suna dubana. Na ce musu jaridar a juye ya riƙe ta.

A ƙarshe tsohon ya faɗi cikin auduga, wani yaro a matsayin ɗansa ya tallabe kansa. Duk wasan da Larabci aka yi. Nan sai Sa'idu ya juya harshe. Da Hausa, a hankali, ya ce: "Mun iso ne?" Yaron ya ce: "Mun iso, Baba." Ya ce: "To, a gaya wa Rabi ta sauke kaya."

Larabawa suka sheƙe, sun zaci wani gwarancin ne. Mufattish har yana buga cinya. Ɓangarenmu ya yi tsit. Babu sunan Rabi a wasan, matar tsohon Maryamu aka kira ta tun farko.

Kina jira in ce miki na yi kuka. Ban yi ba. Na zauna ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa a gefen tabarmata har aka watse. Abin da na iya tunani shi ne, na tambaye shi, a ɗakina, gawa tana kwance, ya ce mini kalmar shahada kawai. Ni ya hana, ya kai wa taron kasuwa da ɗan mahauci mai tob.

Da magariba ya zo ƙofar gida, rigar a ninke a hannunsa. Bai shigo ba, ni ma ban ce ya shigo ba. Na miƙa masa tuwo ta saman darni, ya ci a tsaye, ya ajiye kwanon a kan rigar ya tafi. An ce ya hau lorin Sannar.

Ki gaida maigidanki da yara.

Yayarki,
Rabi'atu

Hillat Salihu
Janairu, 1969

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki, manya da yara. Allah ya sa sanyin bakin kogi bai taɓa ku ba. Nan an fara tsintar auduga, baƙi sun cika hilla.

Na ji daɗi da kika ce Sa'idu yana wurinki. Da ma na sani, ina zai je? Kin ce ya rame, ba ya magana, yana taya maigidanki aikin famfo. Kin ce ni dutse ce. Wataƙila. Amma ban ga kin tambaye shi abin da ya sa ya iya faɗa wa duniya abin da ya kasa faɗa wa uwarsa ba. Ni na tambayi kaina a madadinsa. Amsar da nake samu ita ce fuskata, wadda kowa ya gaji da leƙe. Ban ce hujja ce ba.

Ustaz ya sake zuwa, wai an gayyace su Madani, amma babu mai iya Hajji Bukra sai Sa'idu. Na ce masa ai ni ma babu mai iya mini ɗa sai shi, ya bi layi.

Na duba littafin Babanmu a kan rantsuwa, ko da yake na san abin da ke ciki. Jumma'ar da ta wuce na tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, na ciyar da miskinai goma cikin masu tsinta. Sun ci, sun yi addu'a, sun zaci sadakar Malam ce. Ban gyara musu ba. Kaffara ta fita, ƙofa a buɗe take. Kada ki ce masa na yafe, ban kai can ba tukuna, kuma ba na son a yi mini ƙarya da sunana.

Ki sa shi a lorin Asabar. Ki gaya masa abu ɗaya nake so. Ya zauna a gabana a tsakar gida, da tasa muryar, ba tari, ba ranƙwafawa, ya faɗa mini abin da ubansa ya ce a gonar. In abin da na ji a makaranta ne, ya maimaita mini shi ni kaɗai. In kuwa ƙaga shi ya yi don wasa ya yi daɗi, to kada ya gaya mini. Ya wanke hannu ya ci tuwonsa, zan gane.

Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Rabi'atu