Hannun mai lalle

Daren Alhamis, Mandawari

Yau na ɓata ƙafar amarya. Ni da nake zanen lalle tun ina budurwa, layi ɗaya ya gagare ni, hannuna sai rawa yake kamar na tsohuwa. Hajiya Binta, uwar amaryar, ta ce, "Sannu Rabi, je ki huta, ma kira wata." Har da janye ƙafar 'yarta a hankali, wai kada in lura. Na lura.

Maganin farfaɗiya na farko ƙuraje ya feso min har cikin baki, sai da na kwanta asibiti. Wannan da aka canza min kuma ga gyangyaɗi da rana tsaka, ga gashi yana bin mataji, yanzu ya kai ga hannun da nake ci da shi.

Likita ya ce kada in kuskura in daina sha, in dawo Litinin, ai tunda na daina faɗuwa an ci nasara.

Na haɗiye na daren nan. Amma da can jefi-jefi nake faɗuwa, a ɗakina, ba wanda ya sani. Yau a zaune na faɗi, tsakar gida cike da mata.