Kwallin da Ya Bi Ni Takaba

Tiga, ta Bebeji,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Zuwaira, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Abban Bilal da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya da haƙuri. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar Baban Hanan, Allah Ya ji ƙansa. Hanan ta koma makaranta, ta kuma fara cin abinci sosai. Umma ta zo daga Tudun Wada ta yi mini kwana uku, ƙafarta da sauƙi. Tumatirin da marigayi ya dasa a bakin ruwa ya nuna, kuma direban da zai kai shi garinku ne zai miƙa miki wannan takarda. Na zaɓi rubutu ne saboda duk sanda kika kira waya, da na buɗe baki sai murya ta ƙi.

Yaya, maganar idona ce. Kin tuna bara waccan da na zo miki zaman jegon Bilal, kika kai ni shagon matar nan mai zana kwallin da ba ya fita? Na kwanta, ta shafa mini maganin kashe zafi, ta bi gefen gashin idona da 'yar na'urarta mai allura tana kuka kamar sauro. Kwana uku idona a kumbure, kina yi mini dariya kina cewa na huta da neman tandu har abada. Ni ma na so, kin san ragwancina a wajen kwalliya, don haka kada ki ce laifinki ne. Da na dawo, sai da Baban Hanan ya yi mako kafin ya gane. Ya ce wace irin mace ce ke tashi daga barci da kwalli rangaɗau, ko aljana ya aura bai sani ba. Da ya gama tsokanarsa sai ya ce malamai ba sa son zane a jiki, kada in ƙara, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu. Haka ta tsaya.

Ranar da aka kai shi, ƙanwarsa Kaltume ta kwashe 'yan kunnena da awarwaro da turare da lalle ta zuba a kwalla ta rufe, kamar yadda ake yi wa mai takaba. Wallahi ko kusa idona bai faɗo mini a rai ba. Sai ranar sadakar uku na ga matan da suka zo daga Kiru suna gaishe ni suna ƙura mini ido. Ina jin wata tana cewa ba a ma kwashe tabarmin zaman makoki ba, ga matar mamaci da kwalli. Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, dama ba mai faɗa ba ce. Amma in na gaishe ta, amsa ɗaya take yi ta juya kai, kokon da nake aika mata ɗakinta kuwa yadda ya tafi haka yake dawowa. Na goge idon nan da sabulun salo har ya yi jawur, alhali na san aikin banza nake yi.

Bayan bakwai Kaltume ta same ni a madafa ta gaya mini abin da Inna ta yanke. Wai in an yi arba'in za ta koma Kiru da Hanan, domin macen da ta kasa haƙurin wata huɗu da kwana goma zuciyarta ta riga ta bar gidan, kuma 'yar ɗanta guda ɗaya ba za ta tashi a gidan wani ba. Yaya, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Za ki ce me ya hana ni magana. Kunya ce, da kuma ganin in na faɗa na tona shi, za a ce ya sani ya yi shiru. Na roƙi Umma ta tambayi Malam Mudi ba tare da ta kama suna ba. Ya ce mai wannan ta nemi gafara a kan zanen, amma takabarta tana nan tunda ba sawa take yi ba, kuma ta daina barin mutane suna ɗaukar alhakinta, ta fito ta faɗa. Na ji, amma kullum sai in ce gobe.

Ana gobe arba'in, da hantsi, Inna ta ɗaga labulena riƙe da kwanon ruwan ɗumi da farin tsumma. Ta zauna a tabarma ta ce in ɗora kaina a cinyarta. Ta goga a hankali, ta duba tsumman, fari tas. Ta sake gogawa, ta sake dubawa. Nan kuka ya ƙwace mini, na zayyana mata komai tun daga shagon. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ma abin ya daɗe yana damunta. Tun tana yarinya take sa kwalli, ba ta taɓa ganin wanda hawaye ba ya jawo shi kan kumatu ba, ga shi kwana talatin da tara tana kallona ina kuka, nawa ko gezau. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko ya sani. Na ce ya sani, na kuma faɗa mata maganar aljanar. Sai ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, ta ce halinsa ke nan, daga nan dariyar ta koma kuka. Muka daɗe a haka, kaina a cinyarta.

Washegari a gaban matan Kiru ta ce da hannunta ta wanke idon nan bai fita ba, duk mai sauran magana ya same ta. Ba ta yi musu wani bayani ba, ba wadda kuma ta nema. Ranar Asabar ta hau mota ita kaɗai. Ta ce in riƙa kai mata Hanan duk hutu.

Umma ta ce kin gaya mata akwai asibitin da ake goge irin wannan zanen a can. Na gode, amma ki bar wahalar da kanki. Matar shagon ta ce dama yana kodewa da shekaru, kuma Hanan ta lura na hagu ya fara haske. Ina istigfari, ba zan sake ba. Sai dai ban ɓoye miki ba, da Hanan ta faɗa sai da na ji ba daɗi, domin shi ne abin da yake tsokanata da shi kowace safiya. Zan bar shi ya tafi da kansa.

Ki gaishe mini da Abban Bilal, ki ce na gode da addu'a. Ki shafa mini kan Bilal da Sumayya. Umma tana gaishe ki, Kaltume ma ta ce in saka sunanta. In kin ga rubutun ya karkace daga nan ƙasa, ki yi haƙuri, Hanan ce ta kwanto a bayana tun ɗazu, ta ƙi tashi, ni kuma ban ce ta tashi ba.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Fa'iza.