Lauyanmu Ya Rufe Ofis

Desmond,

Na fita kafin ka dawo. Ɗazu na leƙa ofishin lauyan da ke mana cinikin gida, na tarar da ƙofa a garƙame, an manna takarda: sun rufe, hukumar lauyoyi ta kwashe takardun kowa. Wata mata a wurin ta ce, "'Yar'uwa, ni jiya na gama nawa kukan. Nemi wani lauya, shi zai karɓo miki su." Neman wani lauyan na nufa.

Ka kira banki da dillali yanzu, kada mai gidan ya ji shiru ya sayar wa wani.

Tashi zuwa sabon gida ranar Juma'a babu shi. Butar shayin da ka yi ɗokin naɗewa tun makon jiya tana cikin kwali mai lamba tara. Fito da ita, muna nan tukuna.

Maureen