Waƙar Talatu Ta Tsaya Mini a Rabi

Ƙanwata Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, yaya yara da mutanen Salaga?

Na daina zuwa coci. Samarin Bawku sun kawo ganguna da lasifika, sun watsar da waƙar nan mai sanyi da marigayiya matata Talatu ke rerawa. Da ita nake roƙon Allah, ban iya wata addu'a ba. Fasto ya zo lallashi da littafin waƙoƙi, sai ka ce na iya karatu!

Jiya ina rerawa ni kaɗai, baiti na biyu ya ɓace mini. Ke kika rage mai saninta. Ki rera a kaset ki aiko, kada ki yi sauri.

Gai da ɗana a Yendi, in yana tunawa da ni. Ki yi mini addu'a, tawa ta tsaya a rabi.

Yayanki,
Bitrus